Abin da Ban Rubuta a Allo Ba

Da sunan Allah, wanda ya san abin da baki ya faɗa da abin da ya haɗiye.

Sunana Haladu, mutumin Farin Dutse ne ni a ƙasar Gwaram. Tun da na dawo daga Turai ake tambayata abin da ya dawo da ni tun shekara ba ta zagayo ba, ni kuwa ba na son maimaita magana a bakin shago. Shi ya sa na zauna na jera abin yadda ya faru, zango bayan zango. Ba zan faɗi sunan ƙasar ba, ko garin, ko kamfanin, domin ba ƙara na kawo ba. Ya isa a sani ƙasa ce ta arewacin Turai, a bakin teku, mai yawan daji da sanyi.

Karatuna bai yi nisa ba. Difloma gare ni a zanen gini, na yi shekara tara ina zane a wani ofishin gwamnati a Birnin Kudu. Rubuta manhajar kwamfuta kuwa da kaina na koya, saboda na gaji da zana taga iri ɗaya sau arba'in. Kafin na tafi na ajiye aikin gwamnatin da hannuna. A riƙe wannan: ban bar wa kaina wurin komawa ba.

Zango na farko: sauka

Wanda ya tarbe ni a tashar jirgin ƙasa shi ne Injiniya Lawan, mutumin Sundimina ta ƙasar Birnin Kudu, abokin babban wana tun suna sakandare. Shi ya nema mini aikin a kamfanin da ya shekara bakwai yana ciki. Ya girme ni nesa, Yaya nake ce masa tun ina firamare. Da ya gan ni cikin 'yar rigar sanyin da na saya a Kano sai ya tsaya yana dariya.

"Haladu, wannan ai ta sanyin Gwaram ce. A nan ko kaza ka sa wa, a sandare za a tsince ta."

Ya tuɓe kwat ɗinsa ya ɗora mini, shi ya taka har mota da suwaita kawai. Na sa wannan a farko domin kada a ce na manta alheri.

A makon farko na gane abubuwa uku.

Na farko, ɗakin da wani dillali ya turo mini hotonsa tun ina gida, mai babbar taga da hasken rana, ba shi aka ba ni ba. Nawa a ƙarƙashin ƙasa yake, tagarsa daidai ƙafafun masu wucewa. Da na yi magana, dillalin ya ce hoton na ɗakin sama ne, amma ai gida ɗaya ne. Wata shida na yi ina sanin maƙwabtana da takalmansu.

Na biyu, ba a ɗauke ni aiki ba tukuna. Shugabar sashenmu, wata doguwar mace mai suna Irena, ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla: gwaji ne na wata shida. In na wuce, kamfani zai rubuta wasiƙa, da ita hukuma za ta ba ni takardar zama. In babu wasiƙa, babu takarda, sai in bar ƙasar. Yaya Lawan kuwa ce mini ya yi aiki ya tabbata. Da na tuna masa, bai ko ji kunya ba.

"Da na ce maka gwaji ne, da ka zo? Kai da ba ka hawa tsani sai ka ƙirga matakansa. Kwantar da hankalinka, Malam Na-farko, ina nan."

Haka yake kirana, wai duk maganata da "na farko, na biyu" take farawa.

Na uku, ya gaya wa kamfani cewa ni ɗan magini ne, a cikin katako na tashi. Rabin maganar gaskiya ne. Babana magini ne, amma da ƙasa da azara yake gini. Ni kuwa har na sauka a ƙasar nan ƙafata ba ta taɓa taka daɓen katako ba. A wurinmu katako a bisa kai yake, yana riƙe da kwano da silin. Abin da mutum ke takawa ƙasa ce ko kankare.

Zango na biyu: aikin

Mutanen nan da katako suke gina gidajensu, har masu bene. Ba a filin gini ake sassaƙa shi ba. Ana zana gidan gaba ɗaya a kwamfuta, zanen ya tafi masana'anta, inji ya yanka kowane katako ya huda shi yadda zanen ya ce, a loda a jirgin ruwa a kai wata ƙasa, can a harhaɗa. Babbar manhajar zanen ba tamu ba ce. Mu ƙananan manhajoji muke rubutawa ana maƙala mata, su yi cikin minti ɗaya abin da mai zane zai kwana uku yana yi da hannu. Fulogin suke ce musu.

Biyu ne a hannunmu ni da Yaya Lawan. Tasa tana jera dogayen katakan da ke ɗauke da daɓen bene. Ni a raina azara nake kiransu, domin aikinsu ɗaya da wadda babana ke gindayawa a kan bango. Tawa tana jan bututun iska. Gidajensu a rufe suke ruf saboda sanyi, don haka sai an sa bututu iri biyu, ɗaya ya shigo da sabuwar iska, ɗaya ya fitar da wadda aka shaƙa. Bututun ta cikin daɓen suke bi, tsakanin silin ɗin ƙasa da inda na sama ke takawa. Duk inda bututuna ya ci karo da azara, manhajar Yaya Lawan ce ke yanke hukunci: ko ta yarda a huda a wurin, ko ta ƙi, ni in sake hanya.

Akwai wata al'ada a ofishin da ban taɓa sabawa da ita ba. Suna da wani shafi a kwamfuta, kowa na ganinsa, allo muke ce masa. Duk wanda ya ga kuskure a manhaja sai ya rubuta a can, da sunansa, da sunan mai aikin. Yarinya 'yar shekara ashirin da uku za ta rubuta kuskuren Madam Irena, Madam ta amsa da godiya. Ranar da aka fara rubuta nawa, kasa cin abinci na yi. Gani nake an tsayar da ni a tsakiyar kasuwar garin Sara an cire mini hula. Ni littafi gare ni na takarda a aljihu, a ciki nake rubuta komai da kwanan wata, kuskurena da na wasu, ni kaɗai nake gani.

Lokacin sanyi ne. Rana ba ta fitowa sai an daɗe a ofis, kuma azahar da la'asar da magariba duk a cikin lokacin aiki suke cunkushewa. A ɗakin ajiyar takardu nake yinsu, tsakanin kwalaye. Matata Hauwa tana gidansu a Zandam. In ta kira, nakan ji ana sussuka a bayanta, da akuya, da muryar surukata tana faɗa da kaji, sai in ce mata kada ta yi magana tukuna, ta ɗan riƙe wayar haka nan. Tun tana dariya har ta daina.

Ranar Lahadi ce kawai nake zama mutum. Gidan Yaya Lawan nake zuwa. Matarsa Anti Binta takan tuƙa tuwon semo da miyar kuka, daddawa kuwa da bakin cokali take auna ta kamar magani. 'Ya'yansu uku, duk a can suke makaranta, Hausarsu a karye, Baba Haladu suke ce mini. Ranar Litinin kuma a taron ofis, in aka zo kan abin da na kwana biyar ina yi ni kaɗai, Yaya Lawan yakan ce, "Mun gama." Ina rubutawa a littafina, ina yin shiru. Wanda ya ci tuwon gidan mutum jiya ba ya gyara masa magana yau.

Zango na uku: masana'anta

A wata na uku Madam Irena ta tsaya a bayana tana kallon yadda manhajata ke jan bututu. Ta tambaye ni ko na taɓa ganin daɓen katako kafin a rufe shi. Na ce a'a. Ta dubi Yaya Lawan, ta tura ni masana'anta in yi mako guda.

Can aka haɗa ni da wani tsohon kafinta mai suna Yonas, yatsunsa biyu na hagu babu. Turancinsa bai fi nawa na yarensu ba, da hannu muke yawancin magana. Ranar farko da aka tashi cin abinci, ya ga na koma gefe da biskit. Ya duba abincinsa, ya kwashe naman da ke ciki ya kai wani tebur can nesa, ya je ya wanke hannu, sa'an nan ya dawo ya raba mini baƙin burodi da busasshen kifi. Haka ya yi kullum har na bar wurin. Ban taɓa gaya masa abin da ba na ci ba.

A rana ta uku ya ɗora azara a kan turaku biyu, mai rami ɗaya a tsakiyar jikinta, ya ce in hau. Na hau, na taka, ya ce in yi tsalle. Ko gezau. Ya kawo wata, ya huda mata ramuka biyu kusa da juna, tsakaninsu bai fi faɗin tafin hannu ba. Wannan bai bar ni na hau ba. Buhunan yashi ya yi ta ɗora mata, muna tsaye. Sai na ji ƙara kamar an karya karan dawa, tsaga ta tashi daga wannan rami ta shiga wancan, azarar ta durƙusa.

Ya ɗaga yatsa ɗaya. "Rami ɗaya, katako ya yafe." Ya ɗaga biyu ya haɗa su. "Biyu kusa, ba ya yafewa."

A mako ɗayan nan na koyi abin da ya fi na wata uku a ofis. Na dawo ina jin wataƙila zan wuce gwajin.

Zango na huɗu: ramuka biyu

A wata na huɗu aka ce in gyara manhajata ta riƙa jan bututun shiga da na fita tare, gefe da gefe, don a rage tsawon hanya. Na yi. Ina gwadawa a zanen wani gida mai hawa biyu sai na ga abin da ya tayar mini da hankali. Duk inda bututun biyu suka ratsa azara, manhajar Yaya Lawan ta yarda a huda duka biyun, kusa da kusa. Na buɗe rubutunsa na karanta layi layi. Tana duba girman rami, tana duba nisansa daga bango, amma kowane rami shi kaɗai take dubawa. Ba ta tambayar ko yana da maƙwabci. Shekaru ba a gane ba, saboda ba a taɓa jan bututu biyu tare ba sai da na zo.

Don in tabbata, na buga zanen a takarda na shiga bas na kai wa Yonas. Ya duba, ya girgiza kai, ya ja yatsa a maƙogwaronsa.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake. In buɗe allo, in rubuta layi uku, in sa sunan mai aikin. Na buɗe. Na rubuta layin farko. Da na zo wurin suna, na ga "Lawan" a jerin sunaye, hannuna ya ƙi. A wurinmu, in ka ga rigar babba ta yage ta baya, ba ka shela a majalisa. Kana jan shi gefe ka faɗa masa a kunne. Haka aka rene ni, ban san wata hanyar ba. Na goge layin, na jira Lahadi.

Bayan mun ci tuwo na ce ina son ganinsa a keɓe. Muka fita baranda cikin sanyi, na nuna masa wani kwafin takardar. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya gani?"

Na ce tsohon nan na masana'anta kawai, shi ma bai san na wane ne ba.

"Ka rubuta a allo?"

"A'a, Yaya. Na ce in fara zuwa wurinka."

Ya dafa kafaɗata. "Ɗan halak. Allah ya rufa maka asiri yadda ka rufa mini." Ya ce tasa takardar zaman ma a bana za a sabunta ta, kuma akwai wani saurayi a ofis da ke harin kujerarsa, in wannan ya hau allo an ba shi wuƙa. Ya ce aikin yini ɗaya ne, kafin Juma'a ya gyara, babu wanda zai sani. Na koma ɗakina ina jin na yi abin kirki.

Zango na biyar: tuni uku da sa hannu

Juma'a ta zo, na gwada, ramukan na nan. Na tuna masa a wurin shan shayi. Ya ce aiki ne ya yi masa yawa, mako mai zuwa.

Tuni na biyu a mota na yi masa. Ya ce, "Malam Na-farko, ka fara na biyu ke nan. Na ji."

Tuni na uku a gidansa, ranar Lahadi. A nan fuskarsa ta canza. Ya ce shi ya kawo ni ƙasar nan, ba ni na kawo shi ba, kuma bai san yaushe mutanen Gwaram suka fara koya wa na Birnin Kudu gini ba. Ya faɗa kamar wasa, amma Anti Binta ta tashi ta shiga kicin. Duk tunin ukun suna littafina da kwanan watansu.

Ƙa'idar kamfanin ita ce, kafin a saki sabuwar manhaja ga masu zane, duk wanda ya taɓa ta sai ya sa hannu a takarda cewa bai san wani kuskure da ba a rubuta a allo ba. Ranar sakin, takardar ta iso teburina. Yaya Lawan ya riga ya sa nasa. Ya zo ya tsaya a kaina, ya sunkuyo, ya ce da Hausa, "Na gyara jiya. Sa hannu."

Gwajin minti goma ne. Zanen gidan yana buɗe a gabana, maɓalli ɗaya zan danna. Amma yana tsaye. In na danna a gabansa, na ce masa maƙaryaci ke nan ba tare da na buɗe baki ba. Na ɗauki biro na sa hannu. Na ce a raina zan gwada in ya tafi. Da ya tafi aka kira ni wani aikin, kashegari kuma na ce ai babba ya riga ya faɗa. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji in gwada in ga ramukan, domin ban san abin da zan yi ba in na gansu. Ban sake buɗe zanen ba.

Zango na shida: ɗakin taro

Saura mako uku wata shida su cika labari ya zo. An zana wani gida da sabuwar manhajar, inji ya yanka, jirgi ya kai, an harhaɗa. Ma'aikata sun jibge allunan silin a bene na sama kafin su fara kafawa, daɓen ya karye a inda bututu biyu suka ratsa. Mutum ɗaya ya faɗo da kayan. Bai mutu ba, amma ƙugunsa ya karye. An dakatar da duk gidajen da aka zana da manhajar, wasu an riga an yanka katakonsu.

Kwana biyu ofis ya yi tsit. Na sami Yaya Lawan a matakala, ya ce wallahi ya gyara a kwamfutarsa, mantawa ya yi bai tura gyaran cikin wadda aka saki ba. Allah ne ya san gaskiyar wannan. Ya riƙe hannuna da nasa biyu. Ya ce kuskure kowa na yi, ba a korar mutum a kansa a ƙasar nan, mu dai mu tsaya a kan ba mu gani ba. Ya ambaci 'ya'yansa da sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

A rana ta uku aka kira mu ɗakin taro, ni da shi da Madam Irena da wani mutum daga cikin manyan kamfanin. Madam ta fara da cewa kuskuren a manhajar Lawan yake, gyaran da na yi ne ya tono shi, kuma wannan ba laifin da ake kora ba ne. Sa'an nan ta ajiye wata takarda a tebur. Zanen da na kai wa Yonas ne. Tsohon ya ajiye shi, da ya ji labari ya kawo, yana cewa ai baƙon nan mai hankali ya gano abin tun tuni, me ya sa ba a saurare shi ba. Taimakona ya zo yi.

"Haladu, ka ga wannan kafin a saki manhajar?"

Ban iya ƙarya ba. Na ce na gani.

"Ka gaya wa wani?"

Littafin yana aljihun ƙirjina, ina jin nauyinsa. Yaya Lawan yana gefena yana kallon tebur, ina jin numfashinsa. Na ce ban rubuta a allo ba.

"Na san ba ka rubuta ba. Ba shi na tambaye ka ba. Ka gaya wa wani?"

Na ce, "Ni na gani, ni na sa hannu."

Ta daɗe tana dubana. Ta dubi Yaya Lawan, ta ba shi lokaci mai tsawo, bai ɗago ba. Ina jin ta gane komai. Ta ce mini, a hankali, ba da faɗa ba, cewa mutumin da bai san katako ba za ta iya koya masa, ta ma fara. Amma wanda ya ga daɓe zai karye ya yi shiru ya sa hannu, ba za ta iya rubuta wa hukuma cewa ta amince da shi ba. Ta tambaye ni dalili, sau biyu. Na nemi kalmar da zan faɗa mata da Turanci na rasa. Ko da Hausa ma, a ɗakin nan, da hoton mutumin da ya faɗo, yana gadon asibiti, a kan tebur, ban ga yadda zan ce kunya ce ba.

Kada a yi mini ado. Wasu da suka ji labarin sun ce na yi halin girma. Ban yi ba. Ko da na fito da littafin, sa hannuna yana kan takardar sakin manhajar, korata za a yi, sai dai mu tafi mu biyu. Shirun da na yi a ɗakin taro bai ci mini komai ba. Wanda ya ci, shi ne na farko, ranar da na goge layin nan, kuma ba ni na biya shi da ƙuguna ba. Mutumin ban san sunansa ba. An ce yana da shekara hamsin da wani abu, kuma da wuya ya sake hawa gini.

Zango na bakwai: hanyar gida

Ba a rubuta wasiƙar ba. Na nemi aiki a kamfanoni huɗu cikin kwanakin da suka rage, duk suka ce sai sun ji daga inda na bari. Na daina zuwa gidan Lahadi, ba a kuma kira ni ba. Na je masana'anta in yi wa Yonas sallama. Ya riga ya ji abin da takardarsa ta jawo, ya ƙi haɗa ido da ni, ya cusa mini ƙunshin kifi a aljihu ya koma bakin injinsa.

Ranar tafiya Yaya Lawan ya zo da mota. Ya kai ni tasha. Ya ɗauki jakata da kansa har bakin jirgi. Sa'an nan ya fito da wata leda: magungunan ciwon gwiwa, da bargo, da hotunan yara. Ya ce don Allah in kai wa mahaifiyarsa a Sundimina, hannu da hannu. Na karɓa. Ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu, aka busa usur, na shiga.

Na sauka Kano, na hau motar Birnin Kudu. Kujerata a ofis an ba wani tun da daɗewa. Hauwa ba ta tambaye ni komai ba sai bayan kwana uku, na gaya mata duka, ta yi kuka ba sauti. Yanzu ina zana wa mutane shaguna da gidaje masu ɗaki uku a Gwaram, in an samu. Ban sake rubuta manhaja ba.

Ledar ta yi mako biyu a ɗakina kafin na iya ɗaukarta. Na hau babur zuwa Sundimina da hantsi. Na sami Inna, mahaifiyar Yaya Lawan, a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, idonta ya yi rauni, sai da na faɗi sunan wana ta gane ni. Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura. Ta shafa bargon, ta kai hotunan kusa da fuskarta ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar wanne ne wanne. Ta ce Lawan ya gaya mata a waya wai sanyin ƙasar ne bai karɓe ni ba. Ta yi mini jaje, ta ce lafiya ta fi komai.

Sa'an nan ta matso, ta rage murya.

"Haladu, kai ba ka ƙarya, tun kana yaro. Gaya mini. Ya riƙe ka da kyau a can? Bai ba ni kunya ba?"

Na dubi hannuwanta a cikin ƙwaryar gyaɗa.

Na ce, "Inna, ranar da na sauka, rigar jikinsa ya cire ya ba ni."

Ta ɗaga hannu sama ta yi ta sa masa albarka, ni ina cewa amin.